Noma Da Lambu: Gajartar Itacen Tuffa A Gindi Take, Ba A Ƙwaya Ba

Duk wanda ya bi ta manyan titunan Legas, ko Kaduna, ko Kano, ba zai rasa ganin masu talla ɗauke da tuffa ba, wadda waɗansu ke kira aful, ja da koriya, an jera ta cikin leda tana ƙyalli. Mafi yawanta daga ƙasashen waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu, shi ya sa kuɗinta ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana biye da kuɗin musaya. Da yake baki ya saba da ita, sai sha'awar shuka ta ta shiga zukatan magidanta, har da waɗanda ba su da ko taki ɗaya na gona, sai ɗan tsakar gida da aka shafe da siminti. Irin waɗannan mutane ne ake nuna wa hoton wani ɗan itace wanda bai wuce kafaɗar mutum ba, yana tsaye cikin tukunya, 'ya'ya sun yi masa nauyi har rassa sun sunkuya. A ƙarƙashin hoton kuwa sai a ga tallar ƙwayoyin iri cikin ɗan ƙunshi, wai na gajeriyar tuffa.

Shi itacen da ke cikin hoton gaskiya ne, akwai shi, ana kuwa samunsa a dubban gidaje a Ingila da sauran ƙasashen Turai. Ƙwayar ce ƙarya. Wanda ya ba da kuɗinsa ya saye ta, ya yi asarar kuɗi, wannan kuwa ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce ta shekarun da zai shafe yana ban ruwa yana jiran abin da ba zai zo ba.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan magana ba ta kama tuffa ba. Furenta ba ya ƙulla ɗa sosai sai ƙudan zuma sun kawo masa gari daga furen wani iri dabam, saboda haka kowace ƙwaya da ke cikin tuffa ruwa biyu ce, ba ta ɗauko uwa ba, ba ta ɗauko uba ba. In aka shuka ƙwayoyi biyar daga tuffa guda, itatuwa biyar mabambanta za su fito, galibinsu masu ƙananan 'ya'ya masu tsami ko bauri. Bugu da ƙari, itacen da ya tashi daga ƙwaya yakan kai ƙafa 25 ko 30, yakan kuma ɗauki shekara 6 zuwa 10 kafin ya yi furen fari. Wace tukunya ce za ta riƙe wannan?

Abin da masu lambu ke yi tun zamanin Rumawa shi ne aure, watau daidai da yadda ake yi wa mangwaro da lemo a ƙasar nan. Akan yanko reshe ko ido daga itacen da aka san daɗin 'ya'yansa, a haɗa shi da gindin wani itacen, a ɗaure har su kama juna. Ashe ke nan duk itacen tuffa na kirki itace biyu ne cikin jiki ɗaya. Na sama shi ke da launi da ɗanɗano. Na ƙasa, watau gindi da saiwoyinsa, shi ke yanke hukuncin tsawon da itacen zai yi da kuma lokacin da zai fara haihuwa. Shi kansa gindin ba daga ƙwaya ake samunsa ba. Akan sare uwar a daidai ƙasa, in ta yi toho a tara wa tohon ƙasa har ya yi saiwa, sa'an nan a ɓalle shi a dasa.

Mutanen Faransa da Ingila sun daɗe da sanin waɗansu gindaye masu hana itace girma, suna kiransu da sunan Paradise. Sai dai sunayen sun cakuɗe a hannun 'yan kasuwa, har ya zama mutum ya sayi dashe da sunan gajere, bayan shekara goma ya tarar da ƙato ya rufe masa taga. Don magance irin wannan rikici ne tashar binciken itatuwa ta East Malling, wadda aka kafa a gundumar Kent ta Ingila cikin 1913, ta tattaro gindaye daga wurare dabam-dabam, wani masani mai suna Ronald Hatton ya duƙufa yana tantance su, yana ba kowanne lamba. Cikin 1917 ya bayyana guda tara na farko. Na taran, wanda yanzu ake kira M9, asalinsa wani tsiro ne da aka tsinta a Faransa cikin 1879 ana kiransa Jaune de Metz, shi ne kuwa ya zama gindin da manyan gonakin tuffa na Turai suka fi dogara da shi. Daga jininsa aka fitar da M26, wanda aka saki ga manoma cikin 1959, da kuma M27, autan gajarta, wanda ya shiga kasuwa cikin shekarun 1970.

Bambancin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne. Reshe ɗaya, in aka aura shi a kan M27 zai tsaya tsakanin ƙafa 4 da 6; a kan M9 ya kai 6 zuwa 8; a kan M26 kuwa 8 zuwa 10. Dukansu sukan fara haihuwa cikin shekara 2 ko 3, dalili kuwa shi ne gindin yana tauye ƙarfin da itacen zai zuba wajen yin katako, ya juya shi wajen fure. Kada mai karatu ya zaci 'ya'yan ma za su ƙanƙance. Girmansu ɗaya da na babban itace, an ma san M9 da ba da manya.

Wani abin lura shi ne, masana lambu da yawa a Ingila ba su cika son M27 a cikin tukunya ba, ko da yake shi ne mafi gajarta. Hujjarsu ita ce tukunya kanta takura ce, in aka haɗa ta da gindi marar ƙarfi sai itacen ya tsumbure, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sun fi ba da shawarar M9 ko M26, cikin tukunya mai faɗin inci 18 zuwa 20, mai huda a ƙasa don ruwa ya riƙa wucewa. Akwai ƙa'ida guda wadda in aka karya ta duk wahalar ta tashi a banza: lalle ne gaɓar auren, watau ɗan kumburin nan da ke ƙasan kara, ta tsaya kamar inci 4 sama da ƙasa. In aka binne ta, reshen sama zai fitar da saiwar kansa, ya yi watsi da gindin, ya kama hanyar zama ƙato. Saiwar M9 kuma gaggautsa ce, saboda haka itacen yana bukatar turke muddin ransa. A shekarar fari akan tsinke furen duka, ko da zuciya ba ta so, daga baya kuma a riƙa rage 'ya'ya ana barin ɗaya ko biyu a kowane gungu. Kowace shekara a kwashe ƙasar sama a zuba sabuwa da ruɓaɓɓen taki, bayan shekara biyu ko uku kuma a fito da itacen a rage masa saiwa. Kada a manta da aboki: itace ɗaya tilo yakan yi fure ya zube, sai an ajiye wani iri kusa da shi wanda suke huda lokaci guda.

To, wannan duka a Ingila ke nan. A nan ƙasar akwai wani shinge na biyu wanda ya fi na farko tsawo, shi ne sanyi. Asalin tuffa daga duwatsun Kazakistan ne a tsakiyar Asiya, inda ƙanƙara ke sauka, ta kuwa gaji barcin hunturu. Takan zubar da ganye ta kwanta, idanunta ba sa buɗewa sai sun ƙirga awoyin sanyi, galibi 800 zuwa 1,000 a ƙasa da digiri 7 na ma'aunin santigired. Hunturun Kano, duk da yadda yake sa tsofaffi jin wuta, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Itacen da bai sami barcinsa ba sai ya riƙa toho jefi-jefi a kan rassa, gindin rassan ya zama tsirara, fure kuwa babu.

Amma ba a ce ƙofar a kulle take ba. Akwai irin da ake kira Anna, wanda aka fitar a Isra'ila cikin shekarun 1950, da Dorsett Golden wanda aka samo a tsibiran Bahamas. Waɗannan awa 200 zuwa 300 sun ishe su, suna kuma huda tare, don haka akan dasa su kusa da juna. Manoman Batu da ke gabashin tsibirin Java a Indunusiya kuwa wayo suka yi wa itacen. Kimanin wata guda bayan girbi sukan zage ganyen duka da hannu, su tanƙwara rassa su kwantar da su, sai itacen ya ɗauka hunturu ya zo ya wuce, ya yi sabon fure. Da haka suke girbi sau biyu a shekara a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba. Sai dai a tuna, Batu kan tudu take. Haka ma Cenca ta ƙasar Habasha inda tuffa ta zauna da gindinta, haka kuma tsaunin Jos mai tsawon ƙafa 4,000 da na Mambila da ya ɗara ƙafa 5,000, inda ake samun 'yan gonakinta a Nijeriya.

Gindin da aka fi samu a tuddan gabashin Afirka shi ne MM106, wanda ba gajere ba ne sosai, don yakan kai ƙafa 12 ko fiye in yana ƙasa. A cikin rabin durom, tare da rage rassa da saiwa, ana iya riƙe shi, kuma ya fi M9 jure ƙasa mai zafi da rairayi, illarsa dai ba ya son ruwa ya kwanta masa a wuya, nan da nan sai ya ruɓe. Mazaunin Jos, ko Bukuru, ko Gembu, yana da dalilin sa rai. Na Zariya ko Kaduna gwaji ne zai yi, da Anna da zage ganye, a tukunyar ƙasa maimakon baƙar roba mai dafa saiwa, a inda rana ke samu da safe inuwa ta rufe da azahar. Na Sakkwato ko Maiduguri kuwa, gaskiya ita ce tukunyar nan za ta fi biyansa in ya sa mata lemon tsami, ko rumman, ko gwaiba.

Wanda ya yi niyya duk da haka, in ya je wurin masu renon dashe, sai ya nemi a faɗa masa sunan irin da ke sama da kuma lambar gindin da ke ƙasa, sa'an nan ya sunkuya ya duba gaɓar auren da idonsa. Takan kasance ɗan kumburi ne ko 'yar lanƙwasa kamar taƙi guda daga ƙasa, launin ɓawon samanta ya bambanta da na ƙasanta. In kara ya miƙe sumul daga ƙasa har sama, to daga ƙwaya ya tashi, ko da wace irin takarda aka rataya masa.