Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Noma da Gwamnonin Jihohin da Ake Feshin Jan-Baki



Duk shekara idan shinkafa da gero da dawa suka fara nuna, manoman Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Jigawa da Yobe sukan kawo kukansu game da tsuntsayen jan-baki, gwamnati kuma ta tura jirgin feshi. Kukan nasu gaskiya ne. Tsuntsu ɗaya kan ci kimanin giram 10 na hatsi a wuni, garke ɗaya kuwa yakan kai miliyoyi. Duk wanda ya ga yara suna kaɗa gwangwani a gona tun asuba har faɗuwar rana ba zai ce a zuba wa jan-baki ido ba. Roƙona gare ku shi ne duk lokacin da aka ware kuɗin feshi, a ware na bincike tare da shi, domin mu san abin da ke mutuwa bayan jirgi ya wuce.

Maganin da aka daɗe ana fesa wa jan-baki a Afirka shi ne fenthion, wanda ake sayarwa da sunan Queletox. Guba ce mai kama jijiya, kuma ba ta tantance tsuntsu. Da almuru ake fesa ta a makwancin tsuntsayen, makwancin nan kuwa a fadamar Haɗejiya da Nguru galibi cikin ciyawar kacala yake, a bakin ruwan da balbela da dinya da kirinjijiya ke kiwo. Da gari ya waye shaho da shirwa su sauko su ci gawarwakin, gubar ta shiga jikinsu. Iska ta kwashi wani kaso zuwa ruwan da masunta ke su, makiyaya ke shayar da dabbobi. Akwai kuma masu tsintar matattun tsuntsayen su soya, su ci ko su kai kasuwa.

Fadamar nan ba ƙaramar dukiya ba ce. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma kowane hunturu tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai sukan sauka a Dagona. Shaho da mujiya da ke farauta a wurin su ne ke rage wa manomi ɓeraye ba tare da ya biya ko sisi ba.

Inda duk aka gano ɓarnar guba ga tsuntsaye, masu bincike ne suka gano ta. A Birtaniya, Derek Ratcliffe ya auna ɓawon ƙwayayen shaho da aka adana a gidajen tarihi, ya nuna a 1967 cewa kaurin ɓawon ya ragu tun lokacin da aka fara amfani da maganin ƙwari na DDT, har ƙwai kan fashe a ƙarƙashin uwa. Amurka ta hana maganin a 1972, mikiyarta da ta kusa ƙarewa ta farfaɗo. A Indiya kuwa an makara. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayen ƙasar sun mutu kafin a gano cewa diclofenac, maganin ciwo da ake yi wa shanu allurarsa, shi ke lalata musu ƙoda idan suka ci mushe. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi, bayan mushe ya taru, karnukan da ba su da iyayengiji sun yawaita. Mu ma ungulun da muka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masana muna da su. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta yi fiye da shekara 20 tana yaye ƙwararru. A gayyace su tare da jami'o'in jihohinku su ƙirga tsuntsaye kafin feshi da bayansa, su ɗebi ruwa da kifi da gawarwaki a kai ɗakin gwaji, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a da harshen da manomi ke ji.

Kafin sakamakon ya fito, akwai abin da za a iya yi a damina mai zuwa. A sanar da hakimai da dagatai ranar feshi, su kuma su sanar da masunta da makiyaya. A ɗauki ma'aikata masu safar hannu da takunkumi su kwashe gawarwakin da sassafe su binne. Hukumar NAFDAC ta tsaurara sa ido kan magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye cikin kwalabe marasa suna. A ci gaba da yashe kacala, domin rage ta rage makwancin jan-baki ne. A kuma gwada kamu da raga kamar yadda maharban Chadi ke yi suna kai wa kasuwannin Njamena, sana'ar da ke rage tsuntsu, ta samar da nama mai tsabta da kuɗin shiga ga matasa.

Ranku ya daɗe, amanar manomi da masunci da makiyayi duk tana wuyanku, kuma ruwa ɗaya suke sha. Ku sa hannu kan kasafin feshin bana tare da na bincikensa. Allah Ya yi muku jagora, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai kishin noma da fadama.