Tsakanin Seri A da Seri C



Duk shekara, da zarar yaranmu sun ci jarrabawar BEPC, gidajenmu na Garwa kan shiga muhawara guda: wane sashe yaro zai bi a lise? Galibinmu mun riga mun yanke hukunci. Wanda ya sami seri C, ta lissafi da kimiyya, a yi masa barka. Wanda ya shiga seri A, ta harsuna da adabi, a riƙa yi masa kallon wanda ya kasa. Daga bakinmu yaran ke ɗauka, sai ɗan kimiyya ya daina buɗe littafin tarihi, ɗan adabi kuma ya ce shi da lissafi sun yi hannun riga.

Magabatanmu ba su san wannan katanga ba. Littafin aljabra da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, babban yankinsa a kan wasiyya da rabon gado ne. Har yau, malamin da ke zaune a zaure yana fitar da sumunin mata da sudusin uwa, fiƙihu da lissafi yake haɗawa a allo ɗaya. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin jera lambobi a hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihi, ya kuma rubuta a kan magunguna. A nan Kamaru ma, Sarki Njoya na Fumban ya ƙirƙiro wa harshen Bamun haruffa wajen 1896, da su aka rubuta tarihin masarautarsa da littafin magunguna.

To, mu dubi halin da muke ciki. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, tana ba mu lantarki, amma mun ga ambaliyar 2012. Injiniya ya san adadin ruwan da zai saki, sai dai idan babu mai fasahar bayani da zai isar da gargaɗi da Fulatanci da Hausa, masunci da manomin bakin kogi ne za su sha wahala. Haka manomin audugar SODECOTON da ke riƙe da kwalbar maganin feshi mai bayani da Faransanci: lafiyarsa ta dogara ga mai fassarar da ya san ma'auni. Likitan da bai iya sauraro ba, rabin ciwon yake gani.

Saboda haka muna ba iyaye shawara uku. Na farko, mu bar yaro ya bi sashen da Allah Ya hore masa, ba tare da gori ba. Na biyu, ɗan seri C ya riƙa karanta wa kakarsa labari yana fassarawa, ɗan seri A kuma a damƙa masa lissafin cefane da na shago. Na uku, malaman islamiyya su koyar da babin gado da allo da alli, domin yara su ga inda karatun biyu suka haɗu.

An kafa Jami'ar Garwa a 2022. Mu aika mata yaran da suka iya ƙidaya, suka kuma iya magana.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.