Wasannin Daɓe Uku Da Suka Isa A Mayar Da Su Fim

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kannywood ba sai an koya mana ba: akwai waƙar da labari ke buƙata, akwai kuma wadda aka liƙa don a cika lokaci. Ta farko kana cikin kallo ba ka san an shiga waƙa ba. Ta biyu kuwa, da an fara sai ka tashi shan ruwa. Wannan ma'aunin nake ɗauka idan ana gardamar wane wasan daɓe mai waƙa da rawa ne ya kamata a mayar da shi fim, kuma wa za a damƙa wa.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin poli da wasan daɓen Legas ko na New York? Ruwanmu ai shi ne ba za mu gan su ba. Wasan daɓe na masu kuɗin tikiti ne da ke zaune kusa da zauren da ake yin sa, kuma ranar da aka tashi shi ke nan, ya wuce. Fim kuwa har ɗakin kwananmu zai iso ta waya. Ku duba Sarafina. Mbongeni Ngema ya fara sa shi a daɓe a Johannesburg a 1987. Da ya tsaya nan, da yawancinmu ko sunansa ba mu ji ba. Fim ɗin 1992 da Darrell Roodt ya ba da umarni, da Leleti Khumalo da Whoopi Goldberg a ciki, shi ya sa yara a faɗin Afirka suka san boren ɗaliban Soweto na 1976 tun kafin su karanta shi a littafi.

Amma ba kowane wasa ne ke jure wannan ƙaura ba. Cats ya shekara da shekaru yana cika zaure a Landan da New York, amma da Tom Hooper ya mayar da shi fim a 2019 sai ya zama abin dariya, aka tafka asara. Dalili? Wasan ba shi da wani labari mai ƙashi, rawa ce da kwalliya. A daɓe ɗan kallo yana yarda mutum mai jela kyanwa ne. Kyamara ba ta da wannan kara. Don haka sharaɗina biyu ne: labarin ya fi ƙarfin bangon zaure, sannan daraktan ya san kiɗa, ba hoto kaɗai ba.

Na farko a jerina shi ne Fela!, wanda Bill T. Jones ya kai Broadway a 2009, ya ci kyaututtukan Tony 3 a 2010, aka kawo shi Legas a 2011. An gina wasan ne kamar daren kiɗa a Shrine, gidan rawar Fela Anikulapo-Kuti, shi da kansa yana ba da tarihinsa. To amma tarihin a waje ya faru. A Fabrairun 1977 sojoji suka afka wa gidansa na Kalakuta suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti daga tagar bene, ta rasu a 1978. Daɓe zai iya faɗa maka wannan, fim ne zai nuna maka titin da hayaƙin da maƙwabtan da suka tsaya suna kallo. Na san akwai masu cewa rayuwar Fela ba abar koyi ba ce, ga wiwi ga auren mata 27 rana ɗaya. Ban musa ba. Ba waliyyi nake so a nuna mana ba, mutum nake so, da halinsa mai kyau da marar kyau, da kuma abin da mulkin soja ya yi wa wanda ya buɗe baki. Wanda zan ba aikin shi ne Blitz Bazawule ɗan Ghana. Mawaƙi ne tun kafin ya zama darakta, kuma ya riga ya ɗauki wasan daɓe mai waƙa ya mayar fim, wato The Color Purple na 2023. Ya san inda ganga ke shiga da inda ya kamata ta yi shiru.

Na biyu shi ne Saro, wanda Bolanle Austen-Peters ta fito da shi a Legas a 2013. Labarin samari huɗu ne da suka baro ƙauye zuwa Legas ba su da komai sai muryarsu da dogon buri. Kai, wannan ai labarin rabin ajinmu ne bayan an gama HND da bautar ƙasa! Babban ɗan wasa a labarin shi ne Legas kanta: tasha, danfo, ƙarƙashin gada, hayaniyar kasuwa. A daɓe sai dai a zana ta a kyalle. Ita Bolanle ta yi finafinai, har da na tarihin Funmilayo, amma ni Kunle Afolayan zan zaɓa. Wanda ya haifi wasa yakan ji ciwon yanke masa ko da waƙa ɗaya, alhali fim sai an yanke. Duk wanda ya kalli October 1 ko Anikulapo ya san Kunle ya iya sa wuri ya yi magana.

Na uku ba namu ba ne, na Amurka ne: Hadestown na Anaïs Mitchell, wanda ya kwashe kyaututtukan Tony 8 a 2019. Tatsuniyar Girkawa ce ta Orpheus, mawaƙin da ya bi masoyiyarsa Eurydice har ƙarƙashin ƙasa, aka yarda ya tafi da ita bisa sharaɗi ɗaya, kada ya waiwaya. A wasan, yunwa da sanyi ne suka kai yarinyar can, inda mutane ke aikin bauta suna gina katanga. Soyayyar da talauci ya gitta wa, wa zai ce bai gane ba? Wannan sai Guillermo del Toro ɗan Meziko, mai Pan's Labyrinth, wanda Pinocchio ɗinsa mai waƙoƙi ya ci Oscar a 2023. Duniyar ƙarƙashin ƙasa gonarsa ce.

Na san masoya Hamilton za su taso mini. Ku yi haƙuri, a bar shi a daɓe. Armashinsa shi ne ganin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna taka rawar Turawan da suka kafa Amurka, kowa ya san wasa ake yi. Aka kai shi filin yaƙi na gaske da doki da bindiga, armashin ya tafi. Ɗaukar da aka yi masa a kan daɓe aka saki a 2020 ta wadatar.

Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu. Masana'antar da ta fi kowace a ƙasar nan yawan waƙa a fim ita ce Kannywood, ɗanta Ali Nuhu ne kuma ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya tun 2024. Muna da mawaƙa, muna da masu kyamara, abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da aka rubuta tare da waƙarsa tun farko, aka gwada shi a gaban jama'a kafin a kunna kyamara. Daɓe ne wurin wannan gwaji, kuma ba ya cin kuɗi kamar fim. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da 'yan Mass Comm, zauren taro na nan a buɗe. A makon ɗalibai mai zuwa, ku ba mu wasa ɗaya da waƙarsa ba za ta tashe mu shan ruwa ba.