Babur Ya Faɗi, Ya Tashi, Inji Ya Buga: Laifin Wa?

Babur ɗin da ya faɗi bai cika mutuwa a inda ya faɗi ba. Yakan tashi ya kai mai shi gida, ya yi kwana uku ko mako guda yana aiki, sannan wata rana da tsakar rana, a kan hanyar Zango ko ta Kongolam, inji ya fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe a maƙera, ya tsaya cik. A lokacin an riga an manta da faɗuwar. Sai a ɗora laifin a kan mai sayar da baƙin mai, ko bakaniken da ya yi juye, wasu ma su rantse hannu aka sa musu. A kan wannan nake so mu tattauna a wannan makon, kuma ina roƙon mai karatun da ya saba ganin siyasa a wannan fili ya yi mini uzuri. A ƙananan hukumomi biyar na masarautarmu, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, gidajen da tukunyarsu ke jiran dawowar babur sun fi gidajen da ke jiran albashi yawa, a iya ganina.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, darajar naira kuma ta bi ta faɗi. Sabon babur da matashi kan iya tara wa kuɗi a da, yau ya zarce naira miliyan ɗaya. Sauke inji ya zama abin da ke cinye aikin makonni. Amma har yanzu muna riƙon babur irin riƙon zamanin araha.

Bari in faɗi yadda abin yake a ciki, domin da yawa daga masu hawa ba su taɓa ganin inji a buɗe ba. Babur irin su Bajaj Boxer da sauran ƙananan da suka cika titunanmu, baƙin man da ke cikinsu bai wuce kimanin lita ɗaya ba. Wannan ɗan man yana kwance ne a gindin inji. Akwai ƙaramin famfo da ke zuƙo shi ta cikin wata rariya, ya tura shi ta siraran hanyoyi zuwa sama, inda ƙarafa ke gogar juna sau dubbai a minti guda. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a can ɗan siririn shafi ne na mai wanda bai kai kaurin gashi ba, kuma ba ya tsayawa sai famfo na ci gaba da turo wani. Wannan turi shi ne ƙarfin mai da ake magana. Mota na da jar fitila mai siffar buta da ke kamawa idan ƙarfin ya ragu, manyan babura ma suna da ita. Namu galibi ba su da ita. Gargaɗinsu na farko shi ne ƙarar inji, kuma kafin kunne ya ji ta ɓarna ta riga ta fara.

To, yanzu mai karatu ya dubi babur kwance a rairayi, tayar baya na juyawa, inji bai mutu ba. Man nan lita ɗaya ya gangare gefe guda, bakin rariyar ya fito fili, famfo na zuƙar iska. Sau da yawa hannun totur ya nutse a ƙasa, ko mai tuƙin ya murɗe shi a garin faɗuwa, saboda haka inji na ihu a daidai lokacin da saman sa ya bushe. Sababbin babura masu na'urar feshin fetur suna da wani ma'auni da ke kashe inji da kansa idan babur ya kwanta. Mai kafireta ba shi da wannan gata. Zai ci gaba da gudu har sai an kashe makulli ko fetur ya yanke masa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ke biyo baya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar kasuwar Mai'aduwa ya gan shi. Matashi ya faɗi da fasinja ko da buhu, jama'a sun yo ca suna sannu. Kunya ba ta barin sa ya duba ko gwiwarsa. Sai ya ɗaga babur, ya buga kiki, ya murɗa totur sau uku ko huɗu da ƙarfi don ya nuna wa duniya ba abin da ya faru, ya ɓace cikin ƙura. Murɗawar nan ita ce ɓarna ta biyu. Man bai gama komawa mazauninsa ba, hanyoyin na cike da iska, an kuma tilasta wa inji gudu. Da ya kashe makulli tun farko, ya tsayar da babur sak, ya ba shi 'yan mintoci, ya duba ma'aunin mai, sannan ya tayar ya bar shi yana aiki a hankali ba tare da totur ba, da mafi yawan lokuta shi ke nan. Gaggawa, in ji magabata, ba ta haifar da ɗa mai ido.

Ina zaton wannan ɗabi'a gado ce. Iyayenmu sun hau Vespa da tsofaffin Yamaha da Suzuki, waɗanda mansu ke tafiya tare da fetur ya ƙone ya fita da hayaƙi. Irin wancan inji ba shi da tafkin man da zai gangare ya bar shi a bushe, saboda haka ɗagawa a wuce ba ta cika cutar da shi ba. Injinan sun canza, hannuwan da ke riƙe su ba su canza ba.

Akwai kuma inda man ke zuwa idan babur ya daɗe a kwance. Yakan bi ta bututun numfashin inji ya shiga akwatin matatar iska, ya jiƙa soson. Yakan kuma zarce har kan fistin, shi ya sa ake ganin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa bayan an tashi. Idan kaɗan ne zai ƙone ya wuce. Idan kuwa kiki ya ƙi danno, ya cije kamar an sa masa dutse, kada a hau shi da ƙarfin tsiya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma dukan da aka yi na iya lanƙwasa sandar fistin. A cire fulogi, a buga kiki a hankali abin da ya taru ya fita. Fetur ma kan tsiyaya daga kafireta ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Wanda ya shinshina ma'auni ya ji warin fetur, juye ya kama shi ko da jiya ya yi.

Wannan ya kawo mu kan juye, inda nake ganin 'yan'uwanmu bakanikai na da nasu kason. A gareji da yawa juye aikin yaron da ya zo koyo ne, domin ana ɗaukar sa aikin da ba ya buƙatar ilimi. Alhali a injina masu yawa, musamman waɗanda aka kwaikwayo daga Honda CG125, rariyar mai da sifirin ɗinta suna bayan murfin da ake kwancewa ne. Sukan faɗo cikin kwanon tsohon mai. Yaro na iya mayar da rariyar a juye, ko ya mayar da ita da dattinta, ko ya manta da ita ɗungurum. Yana iya ɗaure noti har haƙoran su cinye, mai ya riƙa ɗiga a hankali tun daga Daura har Sandamu. Yana iya auna mai babur na jingine, ma'auni ya yi masa ƙarya. Sannan da an gama, abin da kowa ke yi: a tayar a murɗa totur wai a ji lafiyar inji, a lokacin da sabon man bai ko isa sama ba. Bakaniken kirki yakan bar inji ya yi aiki a hankali, idan yana shakka ya buɗe ɗan murfin saman inji ya ga mai na fantsama da idonsa, ya kashe, ya jira, ya sake aunawa. Wannan duka bai kai lokacin shan shayi ba.

Abin ban sha'awa, Honda ta fito da CG125 a 1975 ne musamman saboda ƙasashe irin namu, bayan injiniyoyinta sun zagaya sun ga yadda ake ɗora wa babur kaya fiye da kima, ana kuma barin mai har ya yi kauri. Sun ƙera inji mai haƙuri. Haƙurin nan ne ya ruɗe mu, har muka ɗauka ba shi da iyaka.

Shi kansa man abin dubawa ne. A babur, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, shi ya sa Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA, wanda ake rubutawa a jikin gorar man da ya dace da babur. Wasu mayukan mota na sa kuloci ya riƙa zamewa. Shi kuwa man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba suna ba hatimi, Allah kaɗai ya san asalinsa, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama jabun mai a kasuwannin ƙasar nan. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi na tsinka ko da mai nagari, balle wanda tun a kwalba yake kamar ruwa. Na san amsar ɗan acaɓa: balas na jira da yamma, kuma bambancin kuɗin gora da kwalba abincin rana ne. Ban raina wannan uzuri ba. Sai dai ko shi ya san kuɗin fistin da ringi da aikin bakanike.

Balas ɗin nan ma shi ne tushen ɓoye-ɓoye. Yaron da ke tuƙa babur ɗin wani ba zai dawo ya ce ya faɗi ba, domin ya san abin da zai biyo baya: faɗa, ko cire kuɗi, ko karɓe makulli. Sai ya goge ƙura ya yi shiru. Ranar da inji ya buga, mai babur ya ce sakaci ne, yaro ya ce man da aka saya masa ne, bakanike ya ce shi dai juye ya yi. Na ga irin wannan ta raba maƙwabta, ta kai gaban mai unguwa, kuma ba wanda ke da hujja domin ba wanda ya rubuta komai.

Saboda haka kirana ga masu ba da babur shi ne su sauƙaƙa wa yaransu faɗin gaskiya: wanda ya faɗi ya sanar a ranar, a duba mai, kada a ci shi tara. Shugabannin 'yan acaɓa na tashoshinmu, da suke karɓar kuɗin ƙungiya kullum, za su iya gayyato ƙwararren bakanike sau ɗaya a wata ya buɗe tsohon inji a gaban sababbin shiga, ya nuna musu famfon da rariyar, su ga ƙanƙantarsu da idonsu. Kowane babur na haya kuma a ajiye masa ɗan littafi a ƙarƙashin kujera, a riƙa rubuta ranar juye, da irin man da aka zuba, da sunan garejin da ya yi aikin.