Tafi Ɗaya Kafin A Fara Ɗauka: Dabarar Da Masu Waya A Tambuwal Da Kebbe Ke Buƙata

A yau da wuya a yi taro a Tambuwal, Dogon Daji ko Kebbe ba a ga wayoyi sun tashi sama ba. Ɗaurin aure ne, tafsirin azumi ne ko taron ƙungiyar manoma, kowa na ɗauka. Matsalar tana fitowa ne daga baya, lokacin da za a haɗa bidiyon waya uku da muryar da aka naɗa kusa da lasifika: baki na motsi, magana na biyo baya, kuma babu mai iya cewa wane faifai ne ya riga wani.

Agogon waya ba ya warware wannan. Wata wayar tana karɓar lokaci daga kamfanin layi, wata kuma da hannu aka saita ta. Idan bidiyo ya bi ta WhatsApp daga hannu zuwa hannu, ranar da wayar ƙarshe ke nunawa sau da yawa ranar da ya iso ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Amma abin da ya shiga cikin sauti yana nan duk inda faifan ya je.

Shi ya sa ya kamata matasa su ɗauki wata ɗabi'a mai sauƙi. Bayan duk wayoyin sun fara ɗauka, mutum ɗaya ya ɗaga murya ya faɗi wuri, rana da lokaci, sannan ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamara. A manhajar tace bidiyo irin su CapCut, tafin yana fitowa kamar tsini a layin sauti. Sai a jera tsinin kowane faifai a kan na ɗan'uwansa, shi ke nan. A kwamfuta kuwa, DaVinci Resolve da Premiere Pro suna iya yin jerin da kansu ta hanyar kwatanta sautukan.

Dabarar tsohuwa ce. Allon da masu shirya fim ke bugawa kafin a fara wasa aikinsa ke nan. BBC ma tun 5 ga Fabrairun 1924 take sa ƙara shida a rediyo domin masu sauraro su saita agogo. Ƙwararru na sayen na'urori irin su Tentacle Sync masu zuba lambobin lokaci a cikin sauti, amma mai waya a Kuchi yana da tafin hannunsa kyauta.

Abin lura ɗaya shi ne nisa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wayar da ke mita 34 daga mai tafi za ta ji shi a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ido ke iya kamawa a motsin baki. Gara a tara wayoyin wuri ɗaya a tafa, sannan kowa ya kama gurbinsa ba tare da ya tsayar da ɗauka ba.

Amfanin ya wuce gyaran bidiyon biki. Mutanen wannan yanki ba su manta da zaɓen gwamna na 2019 ba, wanda sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, Kebbe na cikin wuraren da aka fi zura wa ido, kuma tazarar ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu. A irin wannan rana, tsohon bidiyo da aka laƙaba wa sabon labari na iya hura wuta cikin sa'a guda. Faifan da ya faɗi rumfarsa da lokacinsa da bakinsa ya fi wuyar juyawa.

Wani zai ce maƙaryaci ma yana iya faɗin ranar ƙarya ya tafa. Gaskiya ne, tafi ba rantsuwa ba ce. Sai dai idan wayoyi huɗu na mutane daban-daban suka kama murya ɗaya da tafi ɗaya daga kusurwa huɗu, kowace ta zama shaidar 'yar'uwarta, kuma ƙirƙirar hakan ba ƙaramin aiki ba ne.

Daƙiƙa biyar kawai dabarar ke ci. Sakataren ƙungiya, mai ɗaukar biki da wakilin rumfa duk suna da waɗannan daƙiƙun, kuma gara su saba tun a taron unguwa kafin ranar da za a nemi shaida.