Wa ke duba lilon yaranmu?

Malam Edita, 

A watan Agustan 2016, wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu a kan Verrückt, wani sulun ruwa mai tsayin mita 51 a wani wurin wasa da ke jihar Kansas ta Amurka. Iyalinsa sun karɓi diyyar kusan dala miliyan 20, jihar ta tsaurara dokar duba na'urorin wasa a 2017, amma a 2019 alƙali ya yi watsi da tuhumar da aka yi wa masu wurin. Can ma ke nan!

A nan gida kuwa, da Sallar bana na kai 'ya'yana wani wurin wasa, na tarar da ɗamarar lilo ta tsinke an ɗaure ta da igiya. Na yi magana, mai kula ya ce, "Alhaji, Allah ke kiyayewa." Haka ne, amma a tilasta duba injunan nan kafin kowace Sallah, a kuma wajabta wa masu su inshora.

Naka,
Wani uba daga Kano