Darasin Tengenenge: a fito da aiki tun yana ɗanye



A arewacin Harare, babban birnin Zimbabuwe, kusa da garin Guruve, akwai wani ƙauyen masassaƙa dutse da ake kira Tengenenge. Asalinsa gonar taba ce ta wani Bature, Tom Blomefield. Da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi bayan 1965, lokacin ana kiranta Rodeshiya, kasuwar taba ta karye. A 1966 masassaƙi Crispen Chakanyuka ya nuna masa cewa akwai dutsen sassaƙa a filinsa. Leburorin gonar, da yawansu 'yan ci-rani daga Malawi, Mozambik, Zambiya da Angola, suka ɗauki guduma. Daga cikin waɗanda suka fara a nan aka samu Henry Munyaradzi da Bernard Matemera, waɗanda aka baje ayyukansu a ƙasashen waje.

Wani zai ce ina ruwan marubuci da masu sassaƙa? Ruwanmu shi ne tsarin aikinsu. A Tengenenge a fili ake aiki, ƙarƙashin bishiyoyi. Ɗan koyo yana ganin dutsen gwani tun yana kurtu, yana ganin inda aka fara sara, inda dutse ya tsage aka sauya fasali, har ranar da za a gasa shi da wuta a shafa masa kaki ya yi sheƙi.

Mu kuwa a zaurukanmu sai labari ya kammalu muke sakinsa, sannan a bi shi da "Allah ya ƙara basira". Addu'a tana da kyau, amma ba ta nuna wa mutum cewa babinsa na uku ya yi sanyi. Wanda bai taɓa ganin rubutun farko na gwani ba zai ɗauka haka gwanin ke zubo shi a gyare, sai ya raina nasa ya ajiye alƙalami. Marubuta nawa muka rasa ta haka?

Zama tare yana da nasa haɗarin. Masassaƙan Zimbabuwe sun sha suka cewa da zarar wani fasali ya shiga kasuwar 'yan yawon buɗe ido, kamar uwa da ɗanta, sai kowa ya koma yin sa. Mu ma mun san wannan ciwo: littafi ɗaya ya karɓu, sai goma su biyo da miji attajiri da kishiya mai bin boka. Maganinsa a samu mai iya ce wa ɗan uwansa, "wannan ba muryarka ba ce."

Don haka shawarata, mu ware rana ɗaya a mako ta ɗanyen aiki. Manyanmu su fara kawo shafi ɗaya da ba su gyara ba, mu ga yadda suke gyara shi. Duk mai sharhi ya nuna jimla guda da ta yi, da guda da ke neman gyara, ya faɗi dalili. Wa zai fara kawo nasa?